Abin da Zai Jure Ruwan Abijan

"Gwaggo Balkisa, in Abijan na da daɗi, don mi kika komo?"

Anisa ce ta yi tambayar, tana zaune bisa turmin da aka kifar, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba. Shekararta biyar. Mairama, uwarta, ta daka mata harara, amma magana ta riga ta fita. Duk garin an san Balkisa ta yi shekara goma sha biyu a can, ta sauko daga motar kasuwa ita kaɗai da 'yar jaka, kuma ba wanda ya taɓa jin labarin daga bakinta.

Balkisa ta yi dariya, ta ja kunnen yarinyar. "Kwaɗayin hura, 'yar nema. Can ba a san komi ba sai rogo."

Ba hira ce ta kawo ta ba, Mairama ce ta aika mata. Kailu, mijin Mairama, shekara huɗu ke nan yana sayar da albasa a wata kasuwa a Abijan, kuma ya aiko da saƙo cewa bana matarsa da ɗiyarsa ba za su yi damina a Kurfai ba. Ba wanda ya yi masa gardama. Gonarsu tana wajen hanyar Abala, damina biyu ba a iya zuwa ba saboda 'yan bindiga. An rufe likitar garin. Tun da aka ƙone eriya ba rezon waya, saƙon Kailun ma a wayar direban motar kasuwa ya zo. A cikin saƙon ya nanata abu ɗaya har sau uku: kaya ɗauri guda, wanda za ta iya ɗauka a ka da yarinya a baya, domin a Gaya ana sauka daga mota, a haye Kwara a kwale-kwale, a taka da ƙafa zuwa wata motar.

Mairama ta baza komi a tabarma biyu a inuwar rumfa. Tiya biyar ta gero, garin kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawar batso, cuku da kilishi na guzuri, tukunyar dalma, bargo biyu, sange na sauro, da ƙaramin akwatin ƙarfe na aurenta. A gefe kuma wani ƙullin tsumma mai nauyi, cike da rairayi.

Balkisa ta durƙusa tana taɓa su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai taya akuya a kasuwar Baleyara. Geron, ta ce, sati uku zai yi ƙwari su cinye shi. Kuka za ta dunƙule ta yi tsami. Kilishi kuwa gashi zai tsiro masa, fari fat, ta rantse da idonta ta gani. Akwatin zai yi tsatsa ya ɓata duk zanen da ke ciki, in ma ta iya haye kogi da shi. Bargo za a wanke yau, jibi yana nan a igiya yana ɗiga, yana warin kare. Mairama ta ce to ai sai a shanya da kyau.

"A shanya ina?" in ji Balkisa. "Ke Mairama, nan rana ka yi muku rabin aiki ba ku sani ba. Can sai ta yi kwana goma ba ta leƙo ba. Bango kanshi gumi yakai."

Ta ɗaga ƙullin rairayin, ta auna nauyinsa a hannu, ta tambaya ko gini za a je yi.

Ba ta buƙatar amsa, ta san dalilin. Anisa tana da emasi, ciwon da wasu ke kira amosanin jini. Wanta Mansur ma da shi aka haife shi, kuma ya rasu yana shekara uku, a tsakiyar damina, bayan kwana huɗu ana ruwa ba tsayawa. Tun daga nan Mairama ta san lokacin da ya kamata ta ji tsoro. Da rani Anisa sai ta yi wata uku ba ta ce wayyo ba. Da hadari ya fara haɗuwa, gaɓoɓinta sun fara ciwo. Sai uwar ta soya rairayi a kasko, ta ƙulle a tsumma, ta riƙa ɗora mata a gwiwa da gwiwar hannu har kukan ya koma shessheƙa. Daminar Kurfai wata uku ce, wani lokaci ma ba ta kai ba, kuma a cikin wata ukun nan Mairama ba ta barci sosai. Yanzu ga Balkisa tana cewa can damina biyu ake yi a shekara, tsakaninsu ma ba a rasa yayyafi.

Balkisa ta ce rairayi akwai shi a bakin teku har ya ishi duniya, sai dai jiƙaƙƙe ne, ga gishiri. Ta ajiye ƙullin a hankali ba ta ƙara yi masa dariya ba.

Sai Mairama ta ciro abin da ya fi damunta daga cikin zane. Zabira ce ta jar fatar akuya, ninki biyu, wadda Sahabi baduku ya ɗinka mata a Filinge. A ciki akwai karnen likita na Anisa, ɗan littafi mai shuɗin bango. Shekara biyu da suka wuce yarinyar ta yi tari mai tsanani, aka ba ta wata ƙwaya. Kafin la'asar leɓunanta sun kumbura, fatarta ta tashi kamar an watsa mata ruwan zafi, numfashinta yana fita da ƙyar. Majo Ibrah, wanda ke riƙe da likitar garin a lokacin, kwana uku yana kanta. Da ta farfaɗo ya buɗe shafin farko, ya rubuta sunan ƙwayar da jan bik, ya ja layi biyu a ƙasa, ya sa lambar wayarsa. Ya ce duk likitan da zai taɓa yarinyar nan, a nuna masa wannan tukuna, domin in aka sake ba ta ba lalle ta tashi ba. Ya faɗi sunan sau ɗaya, dogo ne, na Faransanci. Mairama ba ta yi lakwal ba, ba ta iya karatu ba, kuma a ranar hankalinta yana kan ƙirjin ɗiyarta. Abin da ta riƙe kawai shi ne ƙwayar fara ce mai tsaga a tsakiya. Da aka rufe likitar aka mai da Majo wani wuri. Wasu sun ce Difa, wasu sun ce Agadas.

Balkisa ta juya zabirar, ta shinshina. Ta ce takalminta na fata wata biyu ya yi a can ya zama kore. Mairama ta ce wannan ba takalmi ba ne, surukinta a irin wannan ya ajiye takardun gona shekara arba'in, ko gara ba ta taɓa su ba. To leda fa? Balkisa ta ce leda ma gumi take yi ta ciki, ta ga takardar aure ta ruɓe a cikin leda. Sannan ta ce gaskiya ita ba ta san abin da ke jurewa ba, ta dai san abin da ya lalace mata.

Mairama ba mace ba ce mai ɗaukar magana haka nan, ko ta Balkisa ko ta baduku. Irin gero ma ba ta shuka shi sai ta jiƙa tafi guda a tsumma ta ga nawa suka tsiro. Washegari ta ɗauko kwando ta kai lungun randa, inda ƙasa ba ta bushewa. Ta ɗebi kaɗan daga kowane abu, gero, kuka, daddawa, yankin kilishi, ɗan rairayi a tsumma, wani a leda wani a buɗe, ta jera a ciki. Ta jiƙa buhun algarara ta rufe. Niyyarta ta riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma na kwana bakwai, abin da ya fita lafiya shi zai bi ta, abin da ya lalace ya zauna.

Ta daɗe tsaye da zabirar a hannu. Ta yi tunanin ta sa wata takarda a madadin karnen, amma a gidan ba wata takarda, kuma ita ba wata takarda take son sani a kai ba, wannan ce, da kaurinta da irin tawadarta. Ta ce za ta duba kullum. Ta sa zabirar a saman kayan, ta ja buhun.

Surukarta, wadda take kira Iya, ta zo ɗiban ruwa ta ga kwandon. Da aka yi mata bayani ta yi dariya har da riƙe ƙugu, ta ce ashe Abijan ta iso gida, ba sai an biya mota ba. Daga ranar duk wanda ya shigo sai ta kai shi ya ga Abijan ɗin Mairama.

Rana ta farko ba abin da ya sake. Rana ta biyu kuka ta fara dunƙulewa. Rana ta uku kilishin ya yi laushi, warinsa ya juya, geron da ke buɗe ya kumbura. Kullum Mairama sai ta kwance zabirar ta buɗe karnen. Fatar ta yi sanyi ta waje, amma takardar a bushe take, jan rubutun yana nan da layinsa biyu. Ko ba komi, wannan ɗaya ta samu.

Rana ta huɗu ta kama ranar kasuwar Filinge, kuma dole ta je ta karɓo katin shaidarta, wanda ba a haye iyaka sai da shi. Tafiyar wuni ɗaya ce, motar kasuwa ta kai ta ta maido ta. Ta sa hannu za ta ciro zabirar, sai ta fasa. Tafiyar Abijan kanta kwana biyar ce, zaman kuma na shekaru, kwana uku bai nuna komi ba. Wuni ɗaya ba zai yi wani abu ba. Ta bar Anisa wurin Iya, ta roƙe ta ta kula kada buhun ya bushe.

Ta samu katin kafin azahar. Amma motar da za ta maido su ta ƙi tashi, aka ce wani ƙarfe ne ya karye, sai an kawo daga Yamai. Babur an hana hawa a ƙasar tun da daɗewa. Mai amalanke ba wanda ya yarda ya bi hanyar nan. Ta sauka gidan ƙanwar uwarta, kullum da safe tana tasha tana kallon ƙafafun makanike a ƙarƙashin motar. Ba hanyar aika saƙo gida, domin wayar da ke kai saƙon tana aljihun direba, shi kuma yana zaune kusa da ita yana shan shayi. Kwana biyar ta yi.

Ta iso gida da hantsi. Anisa ta rugo ta rungume ta, lafiyarta ƙalau. Iya ta tare ta da murna, ta ce ta riƙe amana, buhun bai taɓa bushewa ba. Zafin bazara ya yi yawa, yayyafi ba ya kai tsakar rana, shi ya sa ta riƙa kwara masa ƙwarya guda, sau uku a wuni, wani lokaci huɗu.

Warin ne ya fara isa ga Mairama tun kafin ta ɗaga buhun. Kilishin ya yi gashi kamar yadda Balkisa ta faɗa. Geron ya tsiro ya ruɓe. Daddawar ta narke ta bi ƙasan kwandon. Zabirar ta kumbura, ta yi santsi, ɗinkin ya buɗe ta gefe ɗaya. Da ta zaro karnen, jan rinin fatar ya shige shi tun daga bango har ƙarshe, shafukan sun manne sun zama abu ɗaya. Ta sa farce ta ɗaga na farko a hankali, rabinsa ya biyo yatsanta. Inda jan rubutun yake, yanzu ja ne ko'ina.

Iya tana tsaye a bayanta. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta.

"Ɗiyata, yadda kika ce na yi."

"Haka ne, Iya. Ni na ce."

Mairama ta kai karnen rana ta shanya bisa faifai. Kafin la'asar ya bushe ƙarau, ya kanannaɗe kamar ganyen kuka. Ta kai wa malamin lakwal ɗin da ya rage a garin, ya ɗaga shi saitin rana, ya juya, ya sa tabarau ya cire, ya maido mata yana ba ta haƙuri.

Kasuwa mai zuwa ta koma Filinge, wannan karon da Anisa. A likita wata matashiyar ma'aikaciya ta saurare ta har ƙarshe ba ta katse ta ba. Ta ce irin jinin yarinyar abu ne mai sauƙi, za a sake aunawa, sabon karne ma ga shi nan. Rajistar likitar garinsu kuwa ba ta san inda aka kai ta ba da aka rufe, Majo Ibrah kuma ba ta zo ta tarar da shi ba. Ta tambayi yadda ƙwayar take. Mairama ta ce fara, mai tsaga a tsakiya. Ma'aikaciyar ta tashi ta shiga ɗakin magani, ta dawo da tafin hannunta a rufe, ta jera su bisa tebur. Bakwai ne. Dukansu farare, dukansu da tsaga.

Mairama ta sunkuya a kansu. Ta ɗauki ɗaya ta ajiye, ta ɗauki wata. Shekara biyu ke nan, kuma a ranar nan ba ƙwayar take kallo ba. Ta nuna ta uku, sannan ta ce a'a, kamar ta fi wannan faɗi. Ma'aikaciyar ta ce akwai biyu a ciki da take zargi, amma ba za ta rubuta zato a karnen yarinya ba, domin in ta rubuta ba daidai ba, likitan can zai kauce wa mai lafiya ya ba da mai kisan da zuciya ɗaya. Ta nuna mata wasu biyu ta ce waɗannan mai emasi ba ya rabuwa da su. A shafin farko ta rubuta cewa akwai maganin da jikin yarinyar ya ƙi, ba a san sunansa ba. Ta karanta wa Mairama sau biyu.

Tun da akwai rezo a Filinge, ta ari wayar direba ta kira Kailu daga bakin tasha. Ta gaya masa komi, ba ta rage laifinta ba. Bai yi faɗa ba. Ya ce Allah ya kiyaye gaba, ta taho kawai, can akwai manyan likitoci da na'urori, ba irin na ƙauye ba. Ta tambaye shi ko manyan likitocin suna sanin abin da ba a gaya musu ba. Kafin ya amsa ta ji wata ƙara a bayansa kamar ana zuba tsakuwa a faranti, ta tambaya ko injin niƙa ne. Ya ce ruwa ne bisa kwano, tun shekaranjiya. Ta ɗaga kai ta dubi samaniyar Filinge, ko gajimare guda babu.

A hanyar gida ta auna barin Anisa wurin Iya. Nan akwai rana, akwai wata tara na sauƙi. Amma in ciwon ya tashi da damina ba likita sai Filinge, kuma ta ga da idonta yadda wuni ɗaya ke zama kwana biyar. Iya ba ta iya goyo yanzu. Can kuwa akwai likita a kowace unguwa, kowanne da farar ƙwaya a hannunsa. Ta juya abin ta ko'ina har motar ta tsaya a bakin garin, ba ta samu gefen da ya fi ba.

Haɗa kayan bai ɗauke ta lokaci ba. Geron ta juye wa Iya a rumbu. Kuka da kuɓewa da daddawa ta rarraba wa maƙwabta, akwatin ta tura ƙarƙashin gadon Iya. Ta sayi bokitin roba mai murfi, ta sa sabon karnen a kwalbar da ta wanke ta shanya kwana biyu, ta toshe bakin. Tsohon ma ta sa shi, ko da ba ya karantuwa, ko Allah zai sa wani mai ido ya ga abin da malamin lakwal bai gani ba. Sai bargo ɗaya, sange, kasko, da ƙullin rairayi, domin cikin kayan kwandon shi kaɗai ne, da ta soya shi, ya koma yadda yake. Ta ɗora bokitin a ka, ta goya Anisa, ta zagaya tsakar gida sau uku don ta ji nauyin. Ta iya.

Ana saura kwana ɗaya su tashi, da yamma, ta zaunar da yarinyar a gabanta a bakin rumfa. Ta ɓare gyaɗa guda, ta raba ta biyu, ta riƙe fari a tafin hannu. Ta ce su yi wasa, ita ce likita. Ta miƙa mata. Anisa ta buɗe baki, kamar yadda aka koya mata tun tana goye. Mairama ta ce a'a, in ba Inna a kusa, duk wanda ya ba ta farar ƙwaya, ta rufe baki ta kau da kai, ko babanta ne, ko an yi mata tsawa. Suka sake. Suka sake kuma. A karo na biyar yarinyar ta damƙe leɓunanta gam, ta juya fuska ga bango, tana ƙunshe dariya.

"Na iya, Inna?"

"Kin iya."

Balkisa da ta zo sallama tana tsaye bakin danga tana kallonsu. Ta ce a hankali, don kada yarinyar ta ji, ranar da za ta buƙaci farar ƙwaya mai ceton fa? Mairama ta ɓare wata gyaɗar ta ce su ƙara sau ɗaya.

Ke da kike karanta wannan, in kina da yaro, kuma likita ya ɗauki bik zai rubuta abin da ransa ya rataya a kai, kada ki tashi daga kujerar nan. Ki ce ya faɗa miki da baki. Ki maimaita ya gyara miki, ko sau goma ne, ko mutane na jira a bayanki suna tsaki. Ki fita kina faɗa a hanya, ki koya wa mijinki, ki koya wa surukarki da maƙwabciyarki tun ranar. Kada ki bar shi a takarda kaɗai, kuma abin da ba ki da na biyunsa kada ki yi gwaji da shi.